Ruwan da Kowa Ya San Yana Tafe: Tsammani da Shiri a Kwarin Haɗeja

Babu magidanci a Auyo ko Guri ko Kirikasamma da zai ce maka bai san watan da kogi ke cika ba. Damina takan kankama a Yuli, marka ta sauka a Agusta, daga ƙarshen Agusta zuwa cikin Satumba kuma kogin Haɗeja ya batse ya haura gaɓa. Haka abin yake tun kaka da kakanni. Duk da haka, a kowace shekarar da ruwa ya yi yawa labarin ɗaya ne: gonaki sun nutse, gidajen ƙasa sun zube, mata da yara sun cika azuzuwan firamare, sannan bayan an sha wuya motocin agaji su iso da shinkafa da tabarmi da gidan sauro. Ta yaya abin da kowa ke tsammani yake zame mana ba-zata?

Tsammani iri biyu ne. Akwai na wanda ya naɗe hannu yana jiran abin da zai faru, irin wanda Bahaushe ya kira tsammanin warabbuka, malam ya ƙi noma don zakka. Akwai kuma na wanda sanin abin da ke tafe ya tayar da shi tsaye, ya gyara jinga, ya ɗauke hatsi, ya kai dabbobi tudu. Mutanen kwarin Haɗeja da na biyun aka san su. Abin da ya same su shi ne an canza musu kogin da suka iya karantawa, an kuma bar su da gargaɗin da ba ya zuwa da komai a hannu.

Zaman da aka gina a kan lissafin ruwa

Kogin Kano da kogin Challawa ne suke haɗuwa kafin Wudil su zama kogin Haɗeja. Daga nan ya ratsa ƙasar Ringim da Taura da Jahun da Miga, ya shiga Auyo da Haɗeja. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ba ta da gangara mai ƙarfi, ga jigayin yashi a jejjere, saboda haka da ruwa ya wuce Haɗeja sai ya rarrabu. Wani ya bi Marma ya zuba a tafkin Nguru, wani ya bi Burum Gana, wani kuma ya bi tsohuwar hanyarsa ya tarar da kogin Jama'are da ya gangaro daga tsaunukan Jos, su haɗu kafin Gashuwa su zama kogin Yobe mai zuwa Tafkin Chadi. A shekarun 1960 zuwa farkon 1970, ruwan da ke malala a wannan kwari a shekara mai kyau yakan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000.

Wannan malala ita ce arzikin ƙasar. Dubi manomin shinkafar fadama. Da ruwan shuka ya sauka, sai ya watsa iri a filin da ya san nan da wata biyu zai koma tafki. Duk dabarar tana cikin tazarar da ke tsakanin shuka da isowar kogi. Idan shinkafa ta yi tsawon da za ta riƙa ɗaga kai tana bin ruwa sannu a hankali, ya ci riba. Idan ruwa ya riga ta, ya shanye ta tun tana ƙarama. Idan kuma bai zo ba, ta bushe a tsaye. Shi ya sa ba ya zuba ƙarfinsa wuri guda: gero da dawa suna tudu, shinkafa tana kwari, irin wake da kankana suna ajiye har ruwa ya janye a shuka su a danshin da ya bari.

Masunci ma tun kafin kogi ya kawo yake ɗinke taru, ya saƙa gura, ya toshe jirgi, don ya san kifi yana bin sabon ruwa ya shiga cikin ciyawa ya hayayyafa, kuma lokacin da ruwa ya fara komawa shi ne lokacin kamu. Makiyayi yana damina a tudu, da kaka ta wuce fadama ta buɗe sai ya gangaro da shanu. Fili ɗaya, amma kowa da lokacinsa: mai shinkafa, sai mai su, sai mai wake, sai mai kiwo. Sarkin ruwa da sarkin noma da bulama da arɗo su ne masu tsare wannan tsari.

Hanyoyin sani kuwa ba su rasa ba. Zuwan shamuwa yana shelar damina. Malamai masu lissafin taurari suna ƙirga Zira'a da Nasara da Ɗarfa, manoma suna auna shukarsu da su. Matafiya da 'yan kasuwa suna kawo labarin cewa kogi ya cika a Wudil, ya kai Ringim. Wanda ya ji haka a Haɗeja ya san yana da sauran kwanaki, domin ruwan kwarin nan a hankali yake tafiya. Wannan jinkiri babbar ni'ima ce, kuma shi ne ginshiƙin duk maganar da za ta biyo baya.

Abin da ya rikita lissafi

A 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala madatsar Tiga a kan kogin Kano, don shayar da birnin Kano da noman rani a Kadawa. A 1992 aka kammala ta Challawa a ƙasar Ƙaraye. Su biyun suna riƙe da kimanin kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke shiga kogin Haɗeja, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke kula da su. An kuma tare kogin kusa da Auyo don noman rani, aikin da aka gyara da rancen Bankin Duniya, Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe shi a Janairun 2023. Amfanin waɗannan ayyuka a bayyane yake. Shinkafar Kura, tumatirin Kadawa da alkamar Auyo duk daga nan suka fito, kuma dubban gidaje da su suke ci.

Sai dai kwari ya biya farashi. Madatsu suka haɗu da farin shekarun 1970 da 1980, malalar da ta saba wuce murabba'in kilomita 2,000 ta koma ƙasa da 1,000 a ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990. A wannan lokaci ne masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka auna abin da ruwa ke samarwa idan aka bar shi ya malala a fadama, ta fuskar noma da kifi da itace, suka kwatanta da abin da yake samarwa a gonakin noman rani na sama. Sakamakonsu ya nuna na fadama ya fi ninkin-ba-ninkin. Masu binciken shirin kare fadamar Haɗeja da Nguru, wanda aka fara a 1987, sun ba da shawarar a riƙa sako ruwa da gangan a cikin damina, gwargwado, a lokacin da manoma suka saba, don a maido da malalar da aka sani. Shawarar ba ta zama tsarin da ake bi duk shekara ba.

Babbar illa ta biyu ta ɓullo ta inda ba a zata ba. A da, kogin yakan ƙafe da rani, rana ta ƙone duk abin da ya tsiro a cikinsa, ruwan damina mai ƙarfi ya zo ya share yashi. Da aka fara sako ruwa daga madatsu rani da damina, sai kogi ya daina bushewa, ya kuma rasa ƙarfin share kansa. Wannan shi ne abin da ciyawar kachalla ke so: ruwa marar zurfi, mai tafiya a hankali, wanda ba ya yankewa. Ta kafa saiwa, ta tare laka, lakar ta ƙara mata wurin zama. A haka ta toshe tsohon kogin Haɗeja da Burum Gana, mafi yawan ruwa ya karkata Marma. Wanda ya taɓa shiga aikin gayyar yankan kachalla ya san halinta: mutum yana cikin ruwa iya ƙirji da lauje ko adda, ciyawa ta fi shi tsawo, ya yanka yau, bayan 'yan makonni ta sake tofowa daga saiwa. A cikinta kuma tsuntsayen jan-baki suke kwana, da safe su sauka a kan gero da shinkafa.

Sakamakon haka kwari ya rabu biyu. Akwai garuruwan Guri da Kirikasamma da ke bakin Marma, inda ruwa ya zauna a gonaki ya ƙi tafiya. Akwai kuma waɗanda ke kan hanyoyin da suka toshe, inda fadama ta koma ƙeƙasasshiya. A shekarar da sama ta yi yawa, madatsu suka cika suka tumbatsa, ruwan da ya taho ba ya samun hanya, sai ya nemi gari. Dattijon da ya gaji lissafin kogi daga mahaifinsa ba ya iya dogara da shi yanzu, domin hukuncin ruwan da zai iso gonarsa rabi yana sama, rabi yana hannun ma'aikatan da bai taɓa gani ba.

Hasashe ya samu, ina yake tsayawa?

An yi babbar ambaliya a Kano da Jigawa a 2001. An sake yi a Satumbar 2010, inda jami'an Jigawa suka ce ta shafi mutane kusan miliyan 2, suka ɗora laifi a kan sakin ruwan Tiga da Challawa, hukumar kogunan kuma ta musanta, ta ce madatsun cika suka yi suka zubar. A 2012 ambaliya ta kashe mutum 363 a faɗin Najeriya, ta raba fiye da miliyan 2 da gidajensu. A 2022 mutanen da suka rasu a ƙasar sun haura 600, fiye da 100 daga cikinsu a Jigawa. Gardamar ko buɗewa aka yi ko tumbatsa ce tana dawowa duk shekarar ruwa, alhali ga mutumin Auyo duk ɗaya ne. Madatsa ba ta cika a dare ɗaya. Ana auna tsayin ruwanta kullum, kuma wanda ke aunawa ya san ranar da ta kusa kai baki tun da sauran lokaci.

Ilimin hasashe kuwa ya ci gaba ƙwarai. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara: lokacin saukar ruwa, lokacin ɗaukewarsa, yawansa, da inda ake fargabar tsayawarsa a tsakiyar damina, har ana fassara shi da Hausa. Hukumar NIHSA mai lura da koguna tana fitar da hasashen ambaliya duk shekara tun 2013. A 2024 ta ambaci ƙananan hukumomi 148 a jihohi 31 a matsayin masu fuskantar babban haɗari. A 2025 ta sauko har kan garuruwa, ta lissafa 1,249. Jigawa ba ta fita daga waɗannan jerin.

Matsalar ita ce hasashen yakan ƙare a ɗakin taro da shafin jarida. Ya ce ƙaramar hukuma kaza tana cikin haɗari tsakanin Yuli da Satumba, abin da kowane yaro a can ya riga ya sani. Sai sanarwa ta biyo baya a rediyo cewa mazauna bakin kogi su ƙaura zuwa tudu. Wane tudu? Da wace mota? Wa zai ciyar da iyali a can? Wa zai tsare awaki da rumbu? Gargaɗin da bai amsa waɗannan tambayoyi ba nauyi kawai yake sauke wa mai yin sa.

A 2020 da 2022, lokacin da ruwa ya tasam ma garin Haɗeja, samari ne suka fito dare da rana suna cika buhuna da ƙasa suna ɗaga jinga, masu hali suna taimakawa da buhu da abinci. Aiki ne da ya cancanci yabo da addu'a, kuma ya nuna jama'a ba su da kasala. Amma jingar da aka ɗaga cikin duhu ruwa yana dukanta, da a watan Afrilu aka yi ta ƙasa tana bushe, da an yi ta da ƙarancin wahala, ta kuma fi ƙarko. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da wasu suka gwada

A 'yan shekarun nan masu aikin agaji a duniya sun fara sauya tsari: maimakon a jira bala'i ya auku a tara kuɗi, sai a ajiye kuɗin tun da wuri, a rubuta abin da za a yi da shi, a kuma amince da alamar da idan ta bayyana za a sake shi ba tare da sabon taro ba. Ƙungiyar Red Cross ta fara gwada haka a Yuganda a 2015. Gwajin da ya fi shahara an yi shi a Bangaladesh a Yulin 2020. Hasashe ya nuna kogin Jamuna zai haura wani ma'auni da aka riga aka yarda da shi, cikin awa 4 asusun gaggawa na Majalisar Ɗinkin Duniya ya saki dala miliyan 5.2. Gidaje kimanin 23,000 suka karɓi kuɗi ta wayar salula kafin ruwa ya kai ƙololuwa. Binciken da aka yi daga baya ya gano cewa yiwuwar waɗannan gidaje su wuni ba su ci abinci ba ta ragu da kashi 36 cikin 100, kuma sun fi kwashe mutane da dabbobi zuwa wuri mai aminci.

A gida Najeriya ma an gwada. A 2022 ƙungiyar agaji ta IRC ta yi aiki da gidaje 1,450 a jihar Adamawa, rabi suka karɓi tallafin kuɗi kafin ambaliya, rabi bayanta. Waɗanda suka karɓa da wuri sun fi ɗaukar matakan kariya, kamar girbi da wuri da tanadin abinci, sun kuma fi sa kuɗi a abin da zai kawo musu samu. A shekarar 2022 ɗin ce kuma Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, Antonio Guterres, ya yi kiran a tabbatar kowane mutum a duniya yana samun gargaɗin bala'i da wuri kafin ƙarshen 2027.

Darasin a fili yake. Naira dubu a hannun magidanci kwana biyar kafin ruwa tana ɗaukar hayar jirgi ko amalanke, ta fitar da buhunan gero da akuyoyi. Wannan naira dubu bayan ruwa ba ta sayen ko kaɗan daga abin da ya salwanta. Kuma kogin Haɗeja, saboda jinkirin tafiyarsa da kasancewar madatsu da ma'aunai a samansa, yana cikin kogunan da suka fi dacewa da irin wannan tsari.

Ƙorafe-ƙorafen da ake yi

Akwai masu cewa hasashe yana iya kuskure, a kashe kuɗi ruwa bai zo ba. Gaskiya ne yana iya faruwa. Amma jingar da aka gyara tana nan baɗi, hanyar ruwa da aka yashe ta amfani manomi da masunci, kuɗin da talaka ya karɓa kuma gidansa ya shiga. Asarar shirin da bai yi amfani ba ƙarama ce idan aka kwatanta da asarar ruwan da ya zo ba shiri.

Akwai masu cewa mutanen ƙauye taurin kai gare su, ko an ce su tashi ba sa tashi. Wannan magana ba ta yi musu adalci ba. Mutumin da duk abin da ya mallaka yake rumbu ɗaya da turke ɗaya, ba zai bar su ya tafi ajin makarantar da babu abinci babu banɗaki ba, sai ruwa ya kai masa wuya. Lissafi yake yi, kuma lissafinsa daidai ne gwargwadon abin da aka ba shi. A canza abin da ke jiran sa a tudu, a ga ko ba zai tashi ba.

Akwai kuma masu cewa ruwa na Allah ne, ba a yi masa dabara. Babu Musulmin da ke shakkar ƙaddara. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa tawakkali yana tafiya tare da riƙo da sababi, kuma ƙissar Annabi Yusufu, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ta ishe mu: an sanar da shi yunwa tana tafe, ya tsara tanadin hatsi tun a shekarun yalwa, ya ceci al'umma.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na amana: kuɗin da aka ware kafin bala'i ya fi sauƙin karkatarwa. Maganinsa shi ne a yi komai a bainar jama'a. Sunayen waɗanda za su amfana a karanta su a ƙofar bulama tun rani, kuɗi ya bi ta waya ko asusu kai tsaye, alamar sakin kuɗi kuma ta zama ma'aunin ruwa da kowa ke iya gani da idonsa.

Abin da kwarin ke bukata

Na farko, hukumar kogunan ta riƙa bayyana tsayin ruwan Tiga da Challawa, da na gadar Wudil da ta Haɗeja, kowace rana daga Yuli zuwa Oktoba, a karanta da Hausa a gidajen rediyon Kano da Dutse da Haɗeja kamar yadda ake karanta farashin kasuwa. Masarautar Haɗeja tana da hakimai da dagatai a ƙananan hukumomi takwas, ga limaman Juma'a, ga sarakunan ruwa. Babu hanyar isar da saƙo da ta fi wannan.

Na biyu, kowane gari da ke bakin kogi ya san alamarsa da tudunsa. A kafa sanda mai launi a gaɓa, a yarda cewa idan ruwa ya kai nan a kwashe hatsi, idan ya kai can a fitar da tsofaffi da mata masu ciki da yara. A shirya wurin sauka tun rani, da ruwan sha da banɗaki da wurin ɗaure dabbobi.

Na uku, gwamnatin Jigawa ta ware wani kaso na kuɗin agaji wanda ba a taɓa shi sai ma'aunin Wudil ya kai inda aka amince, kuma da ya kai a sake shi a ranar. Injinan yashe kogi masu tafiya cikin ruwa da jihar ta sayo mataki ne mai kyau, amma aikinsu na rani ne, kuma na kowace shekara, domin kachalla ba ta hutu.

Na huɗu, a koma ga tushen matsalar. A 2006 aka taru a Damaturu aka kafa asusun kula da wannan kwari, wanda ya haɗa jihohin Kano, Jigawa, Bauchi, Yobe, Borno da Filato. Wannan zama yana bukatar farfaɗowa, a tsayar da jadawalin sakin ruwa da na sama da na ƙasa suka yarda da shi: a rage madatsu a hankali kafin su cika, a ba kogi lokacin bushewa da rani a inda zai yiwu, a sako malala gwargwado lokacin da shinkafa ke son ta. Mutumin Haɗeja bai taɓa roƙon a hana ruwa zuwa ba. Idan babu malala babu kifin kasuwar Haɗeja, babu shinkafar fadama, babu tsuntsayen fadamar Baturiya. Ruwan da ya san ranarsa da iyakarsa yake nema.

Damina mai zuwa za ta zo, kogi kuma zai cika a watan da ya saba. Lokacin tambaya shi ne tun rani, ƙasa tana bushe. Duk mai wakili a majalisar Dutse ko a ƙaramar hukuma ya tambaye shi abu uku: nawa aka ware don shiri kafin ruwa, wace alama ce za ta sa a sake shi, kuma wane tudu aka tanadar wa garinmu. Wanda ya kasa amsawa a watan Maris, kada a karɓi jajensa a watan Satumba.